Darbejiyar gidanmu ta tsaga katangar maƙwabci: a sare ko a rage?

Abu Khadija: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, kuma ina roƙon masu sani su daure su tanka. A gidanmu na gado a nan Kano akwai darbejiya a tsakar gida, marigayi mahaifinmu ne ya dasa ta tun ba a haife ni ba. Yanzu ta yi kaurin da babban mutum ba zai iya zagaye gindinta da hannuwansa ba. Tsakaninta da katangar maƙwabcinmu bai wuce taku uku ba. Katangar ta tsage tun daga ƙasa har sama, shi kuma ya ce saiwar bishiyarmu ce ta yi masa ɓarna. Ga wani ƙaton reshe ya haura kan kwanon ɗakinsa, ga wani ya miƙa waje ya kusa taɓa wayar wuta. Mutumin nan bai yi mana rashin mutunci ba, da ƙafarsa ya zo ya yi sallama ya faɗa, daga baya ya sanar da mai unguwa.

Wani mai kai wa gidajen burodi itace ya ce zai sare ta kyauta, shi dai a bar masa itacen. Yayyena biyu sun ce a ba shi kowa ya huta. Hajiyarmu kuwa ta ce muddin tana numfashi ba mai ɗora wa bishiyar nan gatari. A gindinta take wuni, a nan ake girki, a nan jikokinta suke wasa. Ga damina ta ƙarato, kun san iskar farkon ruwa. Ni ne a gidan, ni kowa yake kallo. Yaya zan yi?

Mai Bulo: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa ka sare kawai. Gini ne sana'ata, kuma abin da idona ya gane mini game da darbejiya ya ishe ni. Mun taɓa fasa sokawe a wani gida da ya toshe, muka tarar saiwa ta cika shi dam, ta bi bututu har banɗaki, alhali bishiyar tana can ƙofar gida. Darbejiya ta bakin titi ce da filin makaranta da maƙabarta, ba ta cikin gida ba. Ka lallashi Hajiya, ka yi mata rumfar kwano mai kyau. Zaman lafiya da maƙwabci ya fi inuwa.

Maman Ummi: Rumfar kwano? Malam Mai Bulo, don Allah ka taɓa wuni a ƙarƙashin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano yake taɓa digiri 40? Ku maza da safe kuke ficewa, sai dare. Mu ne a cikin gidan. Kwano zafi yake tarawa ya sauke wa mutum a ka. A layinmu gidaje nawa aka sare bishiyoyinsu aka shafe tsakar gida da siminti da tayil? Yanzu da azahar yaro ba ya iya taka ƙasa babu takalmi, matan gidan kuma sai su kwaso tabarmi su taho gidajen da suka bar tasu. Tsofaffi da jarirai su zafi ya fi kayarwa. Hajiya ta san abin da take karewa.

Mai Bulo: Hajiya ban ƙi ta taki ba. Amma in katanga ta faɗa kan 'ya'yan mutane fa? Wa zai ɗauki alhakin?

Injiniya: Kafin a kai ga maganar sara, wa ya tabbatar saiwar ce ta tsaga katangar? Tana iya yiwuwa ƙwarai, taku uku kusa ne. Amma katangu da yawa a unguwanninmu ba su da harsashin kirki. A haƙa abin da bai kai gwiwa ba, a jera bulo inci shida wanda aka yi wa rowar siminti, a ja katanga doguwa babu ginshiƙi ko ɗaya. Irin wannan ko babu bishiya a unguwar sai ta tsage. Sannan a duba inda indararo yake zubar da ruwa da inda kwata take bi, don ruwan da yake kwanciya a gindin katanga ba ƙaramin cin gini yake ba.

Abu Khadija, ka samu mai haƙa ku buɗe siririn rami a jikin katangar ta ɓangarenku, daidai inda tsagar take, zurfinsa ya kai cinya. A bi a hankali da shebur da ƙaramar fartanya, kada a shiga da diga ana datse duk abin da aka tarar. Yawancin saiwoyin bishiya ba can ƙasa suke nitsawa ba, a cikin santimita 60 na sama suke bazuwa, don nan ne iska da danshi suke. In akwai wadda ta shiga ƙarƙashin harsashi za ku gan ta da idonku. Kuma ka kira maƙwabcin ya tsaya a wurin ana haƙawa, kada a ba shi labari.

Sannan ku shafa ɗan siminti kamar faɗin tafin hannu a kan tsagar, wuri biyu ko uku. In ya sake tsagewa nan da 'yan makonni, katangar tana kan motsi. In bai tsage ba, tsohuwar ɓarna ce da ta tsaya.

Ko da an ga saiwar ma ba dole sai an kashe bishiya ba. Ana rushe wannan ɓangaren, a kafa ginshiƙi biyu hagu da dama, a zuba bim na kankare da rodi ya tsallake saiwar, a bar mata sarari a ƙasa, a ɗora bulo a sama.

Almajirin Fiƙihu: Malam Abu Khadija, tambaya ɗaya: bishiyar ce ta riga katangar ko katangar ce ta riga ta?

Abu Khadija: Allah ya gafarta Malam, bishiyar ce. Lokacin da muke yara filin maƙwabcin namu gona ce, gero ake shukawa. Mun girma kafin ya saya ya gina.

Almajirin Fiƙihu: To, malamanmu na Malikiyya ba su bar wannan mas'ala ba. Ibn Asim ya ware mata fasali guda a cikin Tuhfa, littafin da alƙalanmu suke aiki da shi, a kan cutarwar bishiyoyi, kuma tana cikin Mukhtasar na Khalil. In katanga ce ta riga, aka zo aka dasa bishiya ta cutar da ita, babu saɓani ana yanke abin da ya cutar. In kuwa bishiya ce ta riga, ba a tilasta wa mai ita ya tumɓuke ta. Abin da ta ƙaro daga baya har ya cutar da katangar shi ne aka yi zance biyu a kai. Muɗarrif ya ce a yanke shi. Ibnul Majishun ya ce a bari, don wanda ya yi gini kusa da bishiya ya san girma za ta yi. Reshen da ya fita daga sararin gidanku ya shiga sararin gidan wani kuwa, haƙƙinsa ne ya nemi a yanke shi daidai iyaka.

A lura, duk a maganganun nan abin da ake yankewa shi ne abin da ya cutar, ba bishiyar ɗungurungum ba. Asalin babin shi ne hadisin da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, cewa babu cuta babu cutarwa.

Mai Bulo: Wato Malam maƙwabcin ba shi da ta cewa ke nan, ya zuba ido katangarsa ta rushe?

Almajirin Fiƙihu: Ban ce haka ba, Malam. Na ce ba shi da ikon tilasta tumɓukewa. Yana da haƙƙin a kawar masa da cuta, kuma ni zancen Muɗarrif ya fi kwanta mini a nan. Ban da haka, tsakanin maƙwabta ba a fara da abin da alƙali zai yanke. Wanda Jibrilu bai gushe ba yana wasiyya da shi, ba za ka tsaya kana ce masa bishiyata ta riga katangarka ba.

Ɗan Fagge: Ni dai ina mamaki. Gidanka, bishiyarka, sai ka tsaya neman izinin duniya? Ka sa a sare da sassafe kafin Hajiya ta fito, in ta ga an gama za ta haƙura.

Maman Ummi: Subhanallahi. Uwa ake cewa a yi wa haka? Bishiyar da mijinta ya dasa da hannunsa?

Lauya: Ɗan Fagge, ko a bar maganar biyayya a gefe, gidan ba nasa ne shi kaɗai ba. Gidan gado ne da ba a raba ba, Hajiya tana da tumuninta a ciki, bishiyar kuma tana cikin dukiyar. Ba wanda zai yanke hukunci shi ɗaya, musamman da yake itacen kansa kuɗi ne.

Amma Abu Khadija ka riƙe wannan da kyau. Daga ranar da maƙwabci ya zo ya faɗa maka, har mai unguwa ya sani, ka fita daga sahun wanda bai sani ba. In reshen nan ya karye ya fasa masa kwano ko ya ji wa wani rauni, da wuya ku kuɓuta daga biyan diyya, don an gargaɗe ku kun yi shiru. Saboda haka zama haka nan ba ya cikin zaɓinku. Duk abin da kuka daidaita a kai ku rubuta, ku sa hannu, mai unguwa ya shaida.

Maganar izini kuwa, dokar gandun daji a Najeriya ta jihohi ce, kowace da tata. A Legas sai ka nemi izinin LASPARK, hukumar jihar mai kula da lambuna da wuraren shaƙatawa, kafin ka sare bishiya. Kada a ɗauka don bishiya tana cikin gida shi ke nan babu ruwan hukuma. Ka leƙa sashen gandun daji na ƙaramar hukumarku ka tambaya kafin inji ya fara kuka a ƙofar gidanku.

Ma'aikacin Wuta: Ni reshen waya ne ya tayar mini da hankali, kuma na ga ba wanda ya tsaya a kansa. Don girman Allah kada kowa ya hau ya taɓa shi. Wutar lantarki tana bi ta ɗanyen itace. Ka fita ka kalli turken: in wayoyi huɗu ne a jere daga sama zuwa ƙasa, ƙaramin layi ne na shiga gidaje. In uku ne a can ƙololuwa a kan ƙarfen da ya gitta, babban layi ne, mai ƙarfin kilobolt 11 ko 33, kuma shi ba sai ka taɓa ba, kusantarsa ma yana kisa. A ƙa'ida irin wannan layin mita biyar da rabi ake bar masa kowane gefe. Ko ƙaramin ma yana kashe mutum.

Kada a ce ai an ɗauke wuta, bari a yi maza. Ba ka san lokacin da za a dawo da ita ba, kuma wani yana iya tayar da janareta wutarsa ta koma kan layi. Ka je ofishin kamfanin wuta na yankinku da takarda a rubuce, a sa rana su kashe layin, ma'aikacinsu yana tsaye a yi aikin. Na taɓa zuwa ɗauko wani matashi daga kan mangwaro, adda tana hannunsa. Ba na son in sake ganin irin wannan.

Tsohon Malamin Daji: 'Ya'yana, na karanta duk abin da kuka rubuta. Bari in sa baki, don a wannan aikin na yi furfura.

Darbejiya baƙuwa ce a ƙasar nan. Asalinta daga yankin Indiya take, a 1928 aka fara dasa ta a lardin Borno, daga nan ta bazu. An rungume ta ne saboda tana jure fari kuma ba ta rasa ganye a lokacin da ake tsananin neman inuwa. Wanda ya san Maiduguri ya san abin da ta yi wa garin. Mai Bulo yana da gaskiya cewa ba a dasa ta taku uku daga gini. Da yau ake tambayata inda za a dasa, sai in ce a ba ta mita takwas ko goma. Amma wannan ta riga ta tsaya, kuma abin da aka yi shekara arba'in ana reno ba a yanke masa hukunci da hantsi ɗaya.

Abu Khadija, ka zagaya bishiyar ka duba mini waɗannan. Ka ɗauki ƙotar gatari ka bubbuga gindin, in ka ji yana amsawa kamar ganga, cikinta rami ne. Ka duba ko gara ta yi gini a jikinta har sama, ko lemar kwaɗi ta tsiro a gindin, ko ta karkata kwanan nan, ko ƙasa ta ɗago ta tsattsage ta gefe ɗaya. Ka ɗaga kai ka ga ko akwai manyan rassa busassu, ko inda manyan rassa biyu suka rabu ya fara tsagewa. In ka samu biyu ko uku daga cikin waɗannan, ni da kaina zan ce a sare, kuma zan zo in yi wa Hajiya bayani. In ba ka samu ba, aski take buƙata.

Askin kuma yana da ƙa'ida. Babban reshe ba a yanke shi da sara ɗaya daga sama, don nauyinsa zai karya shi ya ɗaye ɓawon har gindi, ya bar rauni da ba ya warkewa. Ana fara tsaga shi ta ƙasa, kamar kamu ɗaya daga jikin uwar, a shiga sulusin kaurinsa. Sai a matsa gaba kaɗan a yanke ta sama har ya faɗi. Sannan a dawo a cire guntun da ya rage, a bar ɗan kumburin nan da yake inda reshe ya haɗu da uwa, don daga nan take rufe ciwonta. Ba a shafa fenti ko baƙin mai a wurin. Wanda yake kan kwano kuwa gunduwa-gunduwa ake sauke shi, kowace a ɗaure da igiya. Kuma kada a cire fiye da rubu'in ganyenta a shekara ɗaya.

Abin da na fi ƙi shi ne a guntule mata kai gaba ɗaya a bar kututture tsaye, yadda ake yi a titunanmu. Darbejiya ba za ta mutu ba, za ta fito da tofo bila adadin, amma duk a ɓawo suke manne, ba su da ƙarfi. Bayan shekara uku ko huɗu su ne iska take karyawa.

Saiwa kuma ka yi hattara. Babbar saiwa kusa da gindi ita ce take riƙe bishiya. Hadarin farkon damina a ƙasar nan daga gabas yake tasowa da iskarsa. In ka datse manyan saiwoyin gabas, ka kwance mata ƙafa ke nan, yamma za ta faɗi, kan duk abin da yake wurin. Shawarar Injiniya ta tsallake saiwa ta fi mini datse ta.

Ɗan Fagge: Baba, duk wannan ai kuɗi ne. Ga wanda ya ce kyauta zai yi.

Tsohon Malamin Daji: Ɗana, ba kyauta ba ce. Itacen shi ne ladansa, kuma darbejiya mai wannan girma ta fi kuɗin aikin nesa. Wanda itace ne ladansa ba zai taɓa ce maka reshe biyu sun isa ba. Kuma sauri yake, so yake ya kayar ya faskara ya loda. In ya fasa kwanon maƙwabci ba za ka sake ganinsa ba. A raba ciniki biyu: a biya mai hawa kuɗin aikinsa a nuna masa abin da zai yanke, itacen kuma a sayar daban. Sau da yawa kuɗin itacen yana biyan aikin. Kuma kafin kowa ya hau a duba ko akwai zuma a kogo, a kwashe yara da dabbobi, a tare layi.

Hajiya Babba: Ni ina da abin faɗa wanda ba zai yi wa wasu daɗi ba. Muna da itacen turare dogo a gidanmu, kowa yana cewa a bar shi, bishiya sadaka ce. Wata daminar da daddare iska ta karya shi ya faɗa kan ɗakin da jikokina suke kwance. Allah ne ya tsare, azara ta tare shi, amma ƙaramar har yau in hadari ya taso sai ta shige jikina tana rawa. Da aka duba cikinsa duk gara ta cinye. Don haka masu cewa kada a sare su dinga ƙarawa da cewa a duba. Son bishiya bai kai ran yaro ba.

Almajirin Fiƙihu: Gaskiya ne Hajiya. Hadisin da ya ce duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, sadaka ce gare shi, yana cikin Bukhari da Muslim. A cikin Muslim ɗin kuma akwai mutumin da aka gani yana kai-kawo a Aljanna saboda bishiyar da ya sare a kan hanya tana cutar da mutane. Hadisin da ake yawan kawowa na narkon sare magarya ma, Abu Dawud da ya ruwaito shi ya bayyana cewa magaryar daji ake nufi, wadda matafiya da dabbobi suke shan inuwarta, wani ya sare ta da wasa ba da haƙƙi ba.

Na Bakin Kasuwa: Akwai hanya mai sauƙi fa. A ɗaye ɓawon gindin a zagaye, ko a huda a zuba gishiri da baƙin mai. Da kanta za ta bushe, ba wanda zai ce an sare.

Tsohon Malamin Daji: Kada ka ƙara ba wani wannan shawara. Busasshiyar bishiya a tsaye a cikin gida ta fi ɗanya haɗari, rassanta za su dinga zubowa ba sallama, kuma ba mai hawa da zai yarda ya hau ta. Baƙin mai kuma ƙasa yake shiga, in akwai rijiya kusa kun sha. Ban da yaudarar tsohuwa da ke ciki.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Ina biye da ku daga nan Maraɗi, kuma ina son in ƙara wani abu kan maganar doka. Mu nan mun ga iyakar hani. A da icce na gwamnati ne ko da cikin gonarka yake. In ma'aikatan gandun daji suka ga ka sare reshe sai tara. Mi ya biyo baya? Manomi in ya ga ɗan icce ya tsiro sai ya tumɓuke shi tun yana ƙarami, don kada ya girma ya zame mishi rigima. Gonaki suka koma fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi.

Daga 1983 wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da yake aiki a nan jihar ya lura kututturan da ke cikin gonaki ba su mutu ba, tofo suke kowace shekara ana sassabe su. Aka fara abin da muke kira sassaben zamani: ka zaɓi tofo mafi ƙarfi biyu ko uku ka bari, ka rage sauran, kana aske su suna tashi. Abin bai kama ba sosai sai da manoma suka tabbata iccen nasu ne, suna iya rage shi su yi girki, su sayar. Yau ana maganar hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 da suka dawo a Nijar, mafi yawa a Maraɗi da Damagaram. Ku zo ku ga gawo a gonakin Matamaye. Da damina yana zubar da ganye ya bar gero ya sha rana, da rani ya yi ganye ya ba dabbobi 'ya'ya.

Shi ya sa ban goyi bayan masu cewa a hana sara kwata-kwata ba. In mutum ya san duk abin da ya dasa ba ya da ikon taɓa shi, ba zai dasa ba.

Mai Bulo: Yauwa, ka faɗi abin da ke raina. Masu gini da yawa yanzu ko zogale ba sa so a gida, saboda irin rigimar nan.

Maman Ummi: Amma ka ji fa abin da ya ce, ragewa suke suna reno. Ba su ce a share ba. Ku dubi sunayen unguwanninmu: Tsamiyar Boka, Durumin Iya, Ceɗiyar 'Yan Gurasa, Ɗorayi. Yaranmu suna faɗin sunayen, da yawansu ba su san kamannin ɗorawa ba. Ana ta shelar dashe duk damina, ana kafa hukumomi, ta Babbar Ganuwar Bishiyoyi, wato shirin dashe don tare hamada, ma tun 2015 take, amma wadda ta riga ta girma a cikin gari ita ake kaiwa gidan burodi.

Uwar Biyu: Ku gafarce ni in ɗan karkata. Mu kango ne matsalarmu. Mai filin yana wani gari, ya zagaye ya tafi, duk damina ciyawa ta fi mutum tsayi. Macizai muke kashewa a tsakar gida. Matasan layi sun ce da kaka za su cinna masa wuta.

Tsohon Malamin Daji: Kada su soma. Wutar ciyawa da iskar hunturu ba ta san iyakar fili ba, kuma macizan gidajenku za su gudo. A nemo mai filin ta hannun mai unguwa ya biya a nome sau biyu, tsakiyar damina da ƙarshenta, a kwashe ciyawar a ba masu dabbobi. Masu noman su sa takalmin roba mai tsawo. In ya yarda a ba wani aro ya shuka gyaɗa ko wake, shi ya fi, filin da ake nomawa ba ya zama gidan maciji. In kuma tsautsayi ya faɗa, asibiti kai tsaye, ba tsagawa ba ɗaurewa.

Abu Khadija: Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Mun haƙa, maƙwabcina yana tsaye. Akwai saiwa mai kaurin damtse da ta shige ƙarƙashin katangar daidai tsagar. Harsashin kuma bulo ɗaya ne rak a cikin ƙasa, shi da kansa ya riƙe baki. Gindin bishiyar na bubbuga, tauri gare shi ko'ina, babu gara. Amma reshen da ke kan kwanonsa akwai kogo a inda ya haɗu da uwar, na zura hannu na ɗebo ruɓaɓɓen itace jiƙe. Shi kam zai sauka a makon nan, Hajiya da ta gani da idonta ba ta yi musu ba. Wayar huɗu ce a jere, na kai takarda ofishin wuta. Abin da ya rage shi ne kuɗin katanga. Yayyena sun ce tunda harsashinsa ne ba shi da kyau, shi zai gyara abinsa.

Lauya: Saiwarku ce a ƙarƙashi, harsashinsa ne mara ƙarfi. Kowa yana da kaso. Ni da za ku ji tawa, ku ɗauki rodi da siminti da kuɗin bim, tunda don a ceci bishiyarku ake yin sa, shi ya ɗauki bulo da magini.

Mai Bulo: Zan faɗa a nan kowa ya shaida: nan da shekara biyar wata saiwar za ta ɗaga wani wurin. Amma in za a yi bim ɗin, a bar wa saiwar sararin da ya kai tafin hannu a sama da gefe, a cika da yashi, kada magini ya toshe da kankare don ya ga rami.

Tsohon Malamin Daji: Yana iya yiwuwa, Mai Bulo. Shi ya sa duk shekara biyu ko uku za a dinga rage ta, kuma a duba ta kafin kowace damina. Kogon nan ma in an sauke reshen a leƙa a ga iya inda ruɓar ta shiga cikin uwar. In ta yi nisa, maganar za ta canza, ka turo mana hoto.

Amaryar Bana: Baba, mu da muke shirin tarewa a ƙaramin gida, fili rabin fuloti, me za mu dasa da ba zai jawo mana irin wannan ba?

Tsohon Malamin Daji: 'Yata, ki nemi lemun tsami ko gwaiba ko rumman, ki ba kowanne mita uku daga gini da sokawe. Zogale a jikin katanga ba ya ɓarna in ana datse shi. Mangwaro sai in mai aure ne, shi ma ya samu mita shida. Durumi da ceɗiya da gamji da turare kada su shigo miki gida. Ki haƙa ramin tun yanzu ki zuba taki ya huce, ki dasa in ruwa ya zauna a watan Yuli, ki kewaye da kwando ko ƙaya saboda awaki.